Irin Hajiya Sista da Na Binne da Ransa

Ba na jin zan taɓa manta ranar da na ɗora baho a ka zan je in zubar da irin furen Hajiya Sista a bola. Ku 'yan aji ɗaya da za ku fita IT bana, tun jiya kuke damuna a guruf wai in ba ku sirrin yadda na samu A. To ku gyara zama. Sakamako ya fito, na haye tas, babu kari-oba ko ɗaya, yau bakina har kunne, don haka zan ba ku labarin har da wurin da na kwafsa.

Ga wanda aka tura masa wannan bai san harkar ba, IT zaman horo ne na wata huɗu da makaranta ke tura mu wurin aiki na gaske. Za a ba ka littafi, logbuk, kullum ka rubuta abin da ka yi, mai wurin ya buga hatimi, a ƙarshe malami ya zo daga makaranta ya duba ya ba da maki. In babu hatimi, kamar ba ka je ba.

Ni an tura ni wani gidan rainon shuke-shuke a nan Kazaure, ta wajen dam. Tsarin wurin ba shi da wuyar ganewa. A sama akwai Oga Nasiru, mai wurin kuma mai hatimi. Sai Baba Ɗanjuma mai ban-ruwa, wani tsoho ɗan Kanya Babba da ya fi rijiyar wurin daɗewa. Sai ni Hauwa'u 'yar IT, wadda ko bokiti ya fi ni muƙami. Aikinmu cika leda da ƙasa, rainon mangwaro, gwaiba, zogale da dogon-yaro. Ranar farko na je da safar hannu da biro biyu, tun daga nan Baba ya raɗa mini Farfesa, sunan ya bi ni. Akwai kuma doka ɗaya ta Oga: duk aikin da aka tura ka gidan wani, sai mai gidan ya sa hannu a shafin kafin shi ya buga hatimi. Ku riƙe wannan dokar.

A tsakiyar Nuwamba Hajiya Rabi ta zo. Nas ce mai ritaya, ta daɗe tana aiki a Jos, shekara biyu ke nan da dawowarta gida. Kowa Sista yake ce mata, har limamin unguwarsu. Ta ce wa Oga tana da wani irin fure da take so a shuka mata a gida, kuma wanda ya yi karatun abin take so, ba mai zuba ruwa kawai ba. Baba yana tsaye a wurin da bokitinsa. Oga ya tsallake shi ya nuno ni. Wallahi a lokacin ji na yi na ƙara tsawo.

A gidanta ta ɗauko wata 'yar kwalbar magani, an manna filasta an rubuta snapdragon. Na leƙa ciki na ga wani baƙin gari kamar kwalli, bai kai rabin ƙaramin cokali ba. Ta ce wannan ne irin. A gidan ma'aikatan da ta zauna a Jos furen yake, yaran maƙwabta suna ce masa buɗe-baki, don in ka matsa gefen furen da yatsa biyu sai ya wangale baki, in ka saki ya rufe. Ranar da za ta miƙa makullin gidan ta tsinke busassun kawunansa ta karkaɗe a kwalbar nan. Wanda ya shiga gidan bayanta ya share wurin ya zuba siminti, yana ajiye mota. Wato abin da ke hannuna shi ne ƙarshen lambunta na shekara da shekaru. Ta kuma ja mini kunne cewa furen sanyi ne, dole a shuka yanzu ya samu ya yi fure kafin zafin Maris ya sauko. Da yammar nan za ta wuce Gwiwa, 'yarta ta haihu, makulli yana wurin maƙwabciya.

Na ce mata ta tafi hankali kwance.

Haɗin ƙasa kam na yi shi yadda aka koya mana a lakca, yashi da ruɓaɓɓen taki da ƙasa mai laushi, a tsofaffin baho uku masu huji a ƙasa. Sai aka zo shuka. A nan ne karatu ya koma gefe, hannun gida ya karɓi aiki. Ni 'yar Roni ce, tun ina 'yar mitsitsiya nake bin babanmu gona ranar shuka. Shi yana gaba yana sara da sungumi, mu muna biye muna jefa gero muna rufewa da ƙafa. In ka bar rami ɗaya a buɗe, sai ka ji sunanka daga ƙarshen gona. A gidanmu irin da ba a rufe ba abincin zabbi ne. Don haka na bi kowane baho na dinga soka yatsa har gaɓa ɗaya, layi-layi, na tsinci garin nan kaɗan-kaɗan na zuba a kowane rami, na rufe, na danne da babban yatsa. Har da bisimilla.

Kafin in rufe sai da na ɗauki hoton ramukan daga sama, don sun jeru kamar an auna da rula. Na ɗora a sitatus na rubuta "Farfesa a bakin aiki". Mutum arba'in da wani abu suka gani, har da wasu daga cikinku da suka turo mini alamar wuta. Na gode, kun taimaka wajen kumbura mini kai.

Sunan furen yana rubuce a kwalba, waya tana hannuna, data ina da ita. Ban bincika ba. A raina cewa na yi shuka ce fa, ni za a koya wa shuka?

Kullum da safe kafin in wuce wurin aiki sai in biya in ba su ruwa da buta. Kwana biyar shiru. Kwana takwas wani kore ya leƙo, na yi tsalle, na ɗauki hoto na kai wa Baba ina yanga. Ya kanne ido ya duba ya ce wannan aya-aya ce, Farfesa, ciyawa. Na fizge wayata na bar wurin. Da na tsaya minti ɗaya da ya tambaye ni yadda na shuka, amma ina, fushi nake.

Ranar kwana goma sha biyu, wata Laraba, maƙwabciya ta kira ni ta ce Hajiya ta dawo. A cikin adaidaita sai na ce bari in duba kwana nawa yake yi kafin ya tsiro, don in samu abin faɗa. Layin farko da na gani cewa ya yi kada a rufe wannan irin da ƙasa, sai ya ga haske yake tsirowa, barbaɗa shi ake a sama a danna kawai. Na karanta sau uku. Na canza shafi ko wani zai goya mini baya. Duk bakinsu ɗaya. Mai adaidaita sai da ya waiwayo ya ce lafiya, ashe salati nake a fili.

Na tarar da Hajiya a tsaye kan bahunan. Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata barka, na tambayi mai jego da jariri, ina ta jan gaisuwa don kada a zo kan maganar. Ita ta kawo ta da kanta.

"Ba laifinki ba ne, Hauwa'u. Ni na bar shi ya tsufa a kwalba. Tun a Gwiwa jikina ya ba ni."

Ta ce in zubar da ƙasar a bolar bayan gida, gobe in kawo mata irin latas a zuba a bahunan, in na dawo in miƙo littafin ta sa mini hannu. Murya ƙasa-ƙasa ta yi maganar, ba ta ma kalle ni ba, bahon take kallo.

Jama'a, ga ƙofa a buɗe. Shiru kawai zan yi, in samu sa hannu, in samu hatimi, babu wanda zai taɓa sani. Kuma ba zan yi muku ƙarya ba, na bi ta ƙofar. Na ce to, na ɗauki baho na farko na ɗora a ka, na nufi waje. Sai da na kai bakin get na tuna wani layi da na karanta a adaidaita, cewa irin da bai ga haske ba yakan kwanta ne kawai yana jira. Ke nan abin da ke kaina ba matacce ba ne. Na binne shi da ransa, yanzu kuma zan kai shi bola da ransa, matar nan kuma ta zauna har ƙarshen rayuwarta tana cewa ita ta kashe shi. Na tsaya. Na juyo na sauke bahon a gabanta.

"Hajiya, irin bai tsufa ba. Ni na binne shi. Irinsa kuwa ba a binnewa."

Ta kalle ni ta saman tabarau. Na shirya wa faɗa. Maimakon faɗa sai nas ɗin ta tashi. Zurfin nawa? Na nuna gaɓar yatsa. Ruwa sau nawa a rana? Sau ɗaya. Ya taɓa kwanciya a bahon? A'a. Ta ɗebi ƙasar ta sansana, ta ce ba ta wari, ke nan majinyacin bai mutu ba tukuna. Sannan ta ce ita a Jos ba ta taɓa shuka shi da hannunta ba, da kansa yake zubowa ya fito duk shekara, shi ya sa ta nemi mai karatu. Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Littafin kuma ta ce in bar shi a jaka, ba za ta sa hannu a komai ba sai ta ga abin da ya fito daga bahon nan.

Wayar da ta nuna mini laifina ba ta nuna mini yadda ake gyarawa ba. Na karɓi kwalbar na koma wurin aiki ina jan ƙafa. Oga ya ji labari ransa ya ɓaci, ya ce shi tun da yake bai taɓa jin irin da ba a rufewa ba, amma doka doka ce, babu hannun Hajiya babu hatimi. Baba yana gefe yana ji. Ya fara dariya har sai da ya ajiye bokiti ya dafa bishiya. Da ya gama ya ce in kawo kwalbar. Ya buɗe, ya shafi murfin da yatsa, ya ɗaga 'yan ƙwayoyin da suka maƙale ya kalla a rana.

"Wannan ai ƙanin irin taba ne, Farfesa. Wa ya ce miki ana yi wa irin taba kabari?"

Ashe Baba da ƙuruciyarsa rainon taba ya yi a fadamar garinsu. Ya ce duk irin da ya kai wannan ƙanƙanta ba shi da guzurin da zai huda ƙasa ya fito. Cuɗa shi ake da yashi ko toka, a watsa a sama, a danna da tafin hannu, ruwa kuma da tsintsiya ake yayyafawa, don buta tana tura shi ƙasa. Ya ce za a iya gwada tono shi, matsalar ita ce baƙin gari a cikin baƙar ƙasa, ta ina za ka fara? Da na san daidai inda na binne su, da da sauƙi. Na zaro waya na nuna masa hoton ramukan. Ya kalla ya kalle ni, ya ce yau dai iyayina ya yi rana.

Bayan la'asar Oga ya ba shi izini muka tafi. Hajiya ta ga tsohon da aka tsallake ranar nan, ta gane shi sarai, ta gaishe shi da kyau ta sa masa kujera. Bai zauna ba. Ga yadda muka yi, ku rubuta, ba a lakca za ku ji shi ba. Baba ya huda tsofaffin tire huɗu da ƙusa, muka tankaɗe yashi da rariya muka shimfiɗa, muka jiƙa. Ni na riƙe waya ina faɗin layi na kaza rami na kaza, Hajiya tana kwarfo ƙasar wurin da cokalin shayi, daidai zurfin gaɓa ɗaya. Baba yana karɓa ya murtsuke da busasshen yashi a tafinsa har ya warware, sannan ya barbaɗa a tire siriri-siriri kamar mai zuba wa tsire yaji. Ya danna da tafin hannu. Ya tsoma tsintsiya a ruwa ya karkaɗa. Muka jera tiren a baranda inda hasken safe ke shigowa amma ranar tsaka ba ta dukansu, muka rufa tsohon gidan sauro saboda ƙadangaru.

Hajiya ta tambaye shi ko zai fito. Baba bai yi mata daɗin baki ba. Ya ce wasu sun riga sun ruɓe, wasu sun sake faɗawa ƙasa, wanda aka nufa da ganin rana shi zai fito. In kwana goma ya wuce babu komai, a haƙura.

Wannan jiran kada Allah ya maimaita mini. Safe da yamma ina can da tsintsiyata. Hajiya tana amsa gaisuwa, amma babu hira. Sitatus ɗina ya mutu murus, har ƙawata Jamila ta kira ta ji ko an sace mini waya. Kwana huɗu, yashi. Kwana shida, yashi. Na fara lissafin yadda zan gaya wa babanmu cewa zan maimaita IT saboda na bi koyarwarsa.

Ranar kwana takwas na shigo da safe na tarar da Hajiya a kan 'yar kujera, ta ɗage gidan sauron, hancinta ya kusa taɓa tire, tana riƙe da tsinken ashana. Ko gaisuwata ba ta bari na ƙarasa ba.

"Zo nan, idonki ya fi nawa. Wannan ciyawa ce ko shi ne?"

Wani ɗigon kore ne, ganye biyu, duka bai kai kan allura ba. Ga wani can. Ga wani. Amma tun da aya-aya ta taɓa kunyata ni na ce ba zan yanke hukunci ba. Na tare ɗan acaɓa na je na ɗauko Baba da rigar aikinsa a jiƙe. Ya tsuguna ya daɗe yana kallo, mu biyu mun tsaya a kansa. Ya ce ciyawar Kazaure duk ya san ta tun tana jaririya, wannan baƙo ne. Hajiya ta ce alhamdu lillahi sau uku a hankali. Ni kuwa zama na yi daɓas a kan siminti, sai a lokacin na gane kusan sati biyu ke nan ban ci abinci ya yi mini daɗi ba. Hajiya ta shiga ta fito da kunun gyaɗa da ƙosai, na cinye nawa na ƙarasa na Baba.

Bakwai muka ƙirga ranar. Kafin sati ya zagayo sun kai talatin da ɗaya. A farkon Janairu, da suka yi ganye huɗu zuwa shida, muka dasa su a fangalin da ke gaban ɗakinta, tazarar taƙi ɗaya, da yamma don kada rana ta kwantar da su. Ashirin da biyu suka kama. Da suka kai tsawon yatsa Hajiya ta ce a tsinke musu kai don su yi rassa, wannan kam ta san shi tun Jos. Ta miƙo mini almakashin bandeji. Na ɓoye hannuna a hijabi na ce Hajiya ni na gama ɓarnata a gidan nan. Ranar ta fara yi mini dariya. Ta riƙe hannuna muka yanke na farko tare, sauran ta tsaya a kaina na yi. Kwana goma kowane ya fito da rassa uku, huɗu.

A satin ƙarshe na Fabrairu, zafi ya fara leƙowa, suka buɗe. Ruwan ɗorawa, ja, fari, ruwan hoda. Ba su yi tsawon na Jos ba in ji ta, amma su ne. Ta aika aka kira Baba, ta tsinko guda ta matsa masa ya wangale baki, tsohon nan ya ja da baya yana a'uziyya, muka yi ta dariya har maƙwabciya ta leƙo.

Ranar ta ce in kawo littafin. Na zaci za ta rufa mini asiri ta rubuta aiki ya yi kyau. Ina. Da rubutunta na asibiti ta rubuta: ta binne iri, ta faɗa da bakinta, an tono, ya fito. A ƙasa ta sa sunan Baba Ɗanjuma a matsayin wanda ya jagoranci aikin, sannan ta sa hannu. Oga ya karanta ya girgiza kai ya buga hatimi. Malamin da ya zo daga makaranta a shafin nan ya tsaya, sauran ko buɗewa bai yi sosai ba. Rabin awa yana yi mini tambayoyi a kan irin da ke son haske, ni kuma ina zuba masa amsa tiryan-tiryan, rabi daga waya, rabi daga fadamar Kanya Babba. A ɗin da kuke tambaya daga nan ta fito.

To ga abin da na kwaso, ku ɗauka kyauta. Duk irin da aka ba ku, ku zuba kaɗan a tafin hannu ku kalli girmansa kafin ku taɓa ƙasa, don hannun da ya saba da gero ba ya neman izininku, aikinsa kawai yake yi. In kun kwafsa ku faɗa tun ƙasar tana cikin baho. Masu gida a wannan sana'ar sun fi jure jin gaskiya fiye da yadda muke tsoro, abin da ba sa jurewa shi ne asarar abin da suka daɗe suna raino. Kuma duk inda aka tura ku akwai wani tsoho da ba shi da ofis, ba shi da hatimi, yana can yana jan tiyo. Ku nemi sunansa tun ranar farko. An ce mini mutum biyu a cikinku wurin Oga Nasiru aka tura su. Ku kai wa Baba tambayarku ko da kuna ganin ta wauta ce. Zai yi muku dariya, wannan tabbas ne, har ya dafa bishiya. Ku tsaya ya gama, kada ku fizge waya ku tafi.